Robar Da Muka Hana Kowa Ya Taka

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da ƙanwata maman yara da 'yan jikokin Inna gaba ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a aikinka, ya tsare ka a can inda kake. Mu ma nan muna lafiya lau, sai godiya. Kada ka yi mamakin ganin takarda maimakon kiran waya. Na gwada wayar har sau biyu, amma kai ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance. Kafin in gama shimfiɗa sai ka ce ana nemanka a wurin aiki. Takarda kuwa ba ta da wannan matsalar, dole ka nemi wuri ka zauna ka ji ni har in gaji don kaina.

Baban yara yana nan, gwiwarsa ta yi sauƙi tun da ya yarda ya daina ɗaga buhu don ya nuna wa samari shi ma da sauransa. Babbar 'yarka ta wajena ta shiga shekara ta biyu a makarantar koyon jinya, yanzu ko atishawa aka yi a gidan sai ta ɗauko abin awon jini, duk ta ishe mu. Ni kuma ina nan da keken ɗinkina, idon ne dai ya fara gardama wajen zura zare. Kawu yana nan yadda ka san shi, kullum a gona, kullum da wanda yake jayayya da shi a kan iyaka. Inna kuwa, alhamdu lillahi, jinin ya sauka, tana shan magani a kan lokaci in dai ina tsaye a kanta. Ƙafar ce ba ta kai ta nesa, amma tana kai ta gindin lemukanta safe da yamma, bakin nan nata kuma babu abin da ya ragu a cikinsa.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka tuna abin da ya faru bara da damina, lokacin da jinin Inna ya hau ita tana wancan hayin, asibiti yana wannan hayin, rafi ya cika ya batse kwana biyu ba mai tsallakawa. Ina tsaye a gaɓa ina hangen rufin gidan da aka haife mu, ba yadda zan yi. Sai a rana ta uku maza huɗu suka ɗauko ta a kan ƙyauren ɗaki, ruwa iya ƙirjinsu. Da ka ji labari ka ce magana ta ƙare, za ka aiko da mota a ɗauke ta ta koma wurinka da zama dindindin. Ita kuma ta ce gidan da ta yi shekara hamsin a ciki ba wanda zai fitar da ita da ranta. Ni na shiga tsakani, muka yi sharaɗi mu uku: idan sunan hanyarmu ya fito a jerin ayyukan da ofishin tsara hanyoyi zai fitar bana, aka ce za a yi mana gada, Inna ta zauna a gidanta, idan bai fito ba, kafin ruwan farko motarka ta zo. Ka yarda a waya, ita kuma ta yi shiru, wanda a wurinta shi ne yarda. Tun daga ranar ban sake yin barci mai daɗi ba, don na san idan aka tumɓuke ta daga gidan nan ba za ta daɗe ba.

Saboda haka na shiga ƙungiyar raya gari, aka ba ni magatakardar ɓangaren mata tun da hannuna yana da kyau. Shugabanmu tsohon Hedimasta ne, wanda ya koyar da kai lissafi, kuma har yau yana yi mana magana kamar muna aji huɗu. Mun rubuta takardar koke sau uku. Ban bar shirin raya karkara da ake yi a rediyo ya wuce ni ba ko sau ɗaya, har na iya kalmominsu. Muna nan muna jira, sai wata Talata farar mota ta tsaya a gindin babbar bishiyar nan da ke bakin gangara, gefen gonar Kawu. Ma'aikata biyu suka fito da wata baƙar roba doguwa kamar tiyon ban ruwa, suka shimfiɗa ta ta gitta hanya, suka kafe bakinta biyu da ƙusa, suka zura ɗaya a cikin wani akwatin ƙarfe, suka ɗaure akwatin a jikin bishiya da sarƙa da kwaɗo. Abin da suka faɗa wa waɗanda ke wurin bai wuce wannan ba: za su dawo bayan mako guda, a kula da shi, kada yara su yi wasa da shi, kayan hukuma ne. Sauri suke yi, wai akwai wurare biyar da za su kai irinsa kafin yamma. Ni a lokacin ina gwada wa wata riga, ko da na iso sun tafi, da kuwa sai sun gaya mini ko mene ne ko da zan riƙe ƙofar motar.

Ka san halina, ban iya ganin abu a rufe in kau da kai ba. Na tarar an kewaye akwatin, kowa da fassararsa. Mai faci ya ce taurin ƙasa ake aunawa don a san irin ginshiƙin da za a kafa. Mai shayi ya ce a'a, ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa abin yake saurare. Kawu ya ce duk ƙarya ne, gonarsa ake so a ci da dabara. Ni kuwa na durƙusa na kara kunne a jikin akwatin, ban ji komai ba. Sai shaiɗan ya raya mini in ɗan danna robar da babban yatsa. Ina dannawa sai akwatin ya yi ƙit, ƙara ɗaya tak. Auta, na yi tsalle baya har ɗankwalina ya faɗi. Kowa ya ji. Aka yi cirko-cirko, sai Hedimasta ya dube ni ta saman tabarau ya ce ai ga shi nan, yatsa kaɗai ya sa abin kuka, ina ga an ɗora masa tayar mota. Ni kuma, maimakon in yi shiru, sai na ce lalle gaskiyarsa.

Kafin ka yi mana dariya, ka tuna da famfon nan mai aiki da hasken rana da aka kafa mana shekara huɗu da suka wuce. Yara suka fasa gilashinsa da jifa, aka zo aka rubuta rahoto cewa mu mutane ne da ba mu iya riƙon kayan jama'a ba. Wannan magana ta tsaya wa kowa a rai, Hedimasta ya fi kowa. Da yamma ya tara mu ya ce wannan roba jarrabawa ce, hukuma tana so ta ga ko mun yi hankali kafin ta ba mu abu mai girma kamar gada, don haka ko kaza ba za ta taka ta ba. Aka tafa masa. Aka raba gadi. Ni da kaina na zauna na ɗinka jajayen tutoci takwas da ƙyallayen da suka rage mini, aka kafa su gaba da baya. Mai faci ya yi wa akwatin 'yar rumfa don kada rana ta dake shi, kuma kowace safiya akwai mai bin robar da tsumma yana goge mata ƙura.

Da ka ga yadda muka yi makon nan, da ka riƙe baki. Mai babur ya zo sai ya sauke fasinja, su kama babur ɗin su biyu, su ɗaga shi su tsallakar, sannan su hau su ci gaba. Masu keke suna saɓa shi a kafaɗa. Mata da kaya a ka suna tattare zani su ɗaga ƙafa kamar masu tsallake wuta. Amalanke da motocin kaya da ba sa ɗaguwa aka ce su ratse ta gefen gonar Kawu, tun da an riga an girbe, shi kuma yana tsaye yana ta masifa ba mai sauraronsa. Ranar kasuwa layi ya kai har bakin rafi, amma ba wanda ya yi ƙorafi, kowa yana ganin gadarsa yake saye da haƙuri. Baƙi ne kawai da ba su san doka ba suka bi ta kai a guje kafin a tsayar da su, kuma duk wanda aka kama ya sha faɗa. Akwai wanda mai faci ya bi a babur har bakin titi don kawai ya gaya masa ba shi da tarbiyya. Da ma'aikatan suka dawo, sai suka tsaya suna kallon tutoci da rumfa, ɗayansu ya ce tun da yake aikin nan bai taɓa ɗaukar roba mai tsabta irin wannan ba. Hedimasta ya gyara tsayuwa ya ce ai haka muke. Suka naɗe kayansu suka tafi, su ba su tambaya ba, mu ba mu tambaya ba.

Bayan mako uku na shiga birni sayen zare, na ce bari in biya ta ofishin in leƙa allon sanarwa. Na tarar an liƙa jerin wucin gadi, hanyoyi goma sha biyu, za a ɗauki biyar. Na fara daga sama ina bi da yatsa, ina sauka, ina sauka, sai a layin ƙarshe na ga tamu. A gefenta an rubuta abin hawa tara a mako. Tara, Auta! Hanyar da ko kafin rana ta ɗaga abin hawa tara sun wuce. A zuciyata har na ga motarka tsaye a ƙofar gida ana fito da akwatin Inna. Ban san lokacin da na tura ƙofar ofishin na shiga da ledar zare a hannu ba.

Ɗaki ne dogo, fanka tana juyawa a hankali, takardu a nannaɗe sun cika kusurwa, ga wata ƙatuwar taswira a bango an soke ta da allurai masu kai ja da kore da shuɗi. Aka nuna mini Injiniya. Na zaci zan ga wani ƙato mai hular kwano, sai na ga mace, ba ta kai ni shekaru ba, da tabarau a rataye a wuya da tabon tawada a yatsa. Ta ba ni kujera, na faɗi daga inda nake. Ta ce ai hanyarmu ta hana ta sakat, don ta kasa gane yadda hayi mai gidaje arba'in da gonaki da kasuwa a tsallake zai ba da tara. Na ce mata ta yi wa Allah ta fara gaya mini abin da robar nan take yi. Sai ta jawo irinta daga ƙarƙashin tebur ta nuna mini. Ashe iska ce kawai a ciki. Idan taya ta taka, iskar ta ruga ta bugi wani abu a akwatin, ya ƙirga ɗaya. Tayar baya ta taka, ya ƙirga biyu, shi ke nan abin hawa guda ya wuce. Robar an yi ta ne don a taka ta, ko babbar mota ba ta yi mata komai. Ta ce namu akwatin bugu goma sha tara ya nuna, wato tara da wani guda ɗaya da ta rasa mai shi. Na sunkuyar da kai na ce mata mai shi yana zaune a gabanta.

Da na kwashe labari na ba ta, tun daga tutoci har ɗaga babur, sai ta kifa kai a tebur ta yi dariya har da hawaye, abokan aikinta suka taso su ma suka ji. Ni ban yi dariya ba. Da ta lura, sai ta tsaya ta tambaye ni abin da ke damuna, na gaya mata zancen Inna da ƙyauren ɗaki da sharaɗinmu. Sai ta ce laifin ba namu ne mu kaɗai ba, nasu ya fi, don ba a ajiye wa mutane abu a kan hanyarsu a tafi ba a gaya musu amfaninsa ba. Amma ta ce akwatin an riga an tura shi wani yanki, ba zai dawo ba sai bayan an rufe jerin, kuma saura kwana ashirin a rufe. Abin da ƙa'ida ta yarda da shi kawai shi ne ƙidayar hannu ta kwana uku, har da ranar kasuwa, in dai ita ta je ta ga dalili da idonta. Na ce mata ko goya ta zan yi in kai ta.

Tun da na samu mai amsa tambaya, ban tashi ba sai da na wanke kaina tas. Na tambaye ta alluran nan na taswira, ta ce ja hanyar da ruwa ke yankewa ce, kore wadda aka gyara, shuɗi wadda ake nazari. Na tambaye ta yadda suke zaɓen wadda za a yi, don mu a tunaninmu sai wanda ya san wani. Ta ce maki ake bayarwa: yawan masu wucewa, watannin da hanya ke yankewa, ko akwai makaranta da asibiti da kasuwa a tsallake, da yawan gidaje. A duk sauran mun ci, taran nan ce ta kayar da mu. Na tambaye ta ko robar tana ƙirga mai tafiya a ƙasa, ta ce a'a, kuma wannan yana damunta, don a karkara ƙafa ta fi taya yawa. Ta ba ni ƙananan littattafai uku a kan yadda al'umma ke rubuta buƙata da yadda ake kula da hanya bayan an yi ta, da wata mujalla da suke fitarwa duk wata uku mai labaran ayyukan ƙauyuka. Shekara da shekaru suna nan a kan tebur a bakin ƙofa, kyauta, ba wanda ya taɓa gaya mana, mu ma ba mu taɓa shiga mun tambaya ba. Na karance su kaf a kwana biyu, har miya ta ƙone.

Ranar Alhamis ta zo. Abin da ya cece mu, ba za ka yarda ba, gonar Kawu ce. Mako ɗaya da amalanke da motoci suka yi suna ratsewa ya fitar da sabuwar hanya sosai a gefenta, sawun taya ya nutse har ya kai tsawon tafin hannu, ƙasar ta daddale kamar daɓe. Injiniya ta durƙusa ta auna, ta ɗauki hoto ta kowane ɓangare, ta ce abin hawa tara ba sa yin wannan ko a shekara. Kawu, wanda ya yi wata guda yana cewa sai an gyara masa gona, nan take ya ce ai shi da ma ya san abin da yake yi da ya bar su suka bi. Hedimasta kuwa ya ba ni tausayi. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, ya ce shekara talatin yana gaya wa yara wanda bai gane ba ya ɗaga hannu, ga shi shi bai ɗaga ba. Amma kafin a watse har ya farfaɗo, ya jawo ni gefe ya ce ranakun ƙidaya a sa masu babur su yi ta kai da kawowa don adadi ya cika. Na ce masa ya yi haƙuri, dabararmu ta farko ma ba mu gama farfaɗowa daga ita ba, a bar hanya ta faɗi gaskiyarta.

Injiniya ta bar mana takarda mai gidaje biyar: ƙafa, keke, babur, amalanke, mota. Ta ce mutum biyu za su ƙirga, ɗaya a kowace gaɓa, daga shida na safe zuwa shida na yamma, a gwada a ga ko sun yi daidai. Ni na ɗauki wannan gaɓar. Ana neman wanda zai zauna a waccan, sai ga saƙo daga Inna cewa ita ce. Na haye na ce mata ba ta karatu, ga rana, ga ƙafa. Ta ce zancen gidanta ake yi, ba za ta zauna a ɗaki wasu su ƙirga mata shi ba. Ta sa aka kai mata kujera inuwar bakin rafi, da kwanoni biyar, da daro cike da tsakuwa. Duk wanda ya wuce, ta jefa tsakuwa ɗaya a kwanonsa. Na kira Injiniya na tambaya ko ya halatta, ta ce ba ta ga abin da biro ya fi tsakuwa da shi ba a wannan aikin.

Kwana ukun nan sun buɗe mini ido. Shekara hamsin ina bin hanyar nan, ashe ban san ta ba. Ban san malamar aji ɗaya tana tsallakawa sau huɗu a rana don ta shayar da jaririnta ba. Ban san masu tumatir suna fitowa tun rana ba ta yi zafi ba don kada kayan su lalace kafin titi, ko cewa mai gyaran waya yana hayewa duk Laraba ya karɓo na tsofaffi ya dawo musu da su. Ina ja wa kowa layi a takarda ina mamakin inda duk mutanen nan suke zuwa. Inna kuwa daga can ina jiyo muryarta, ba wanda ya wuce ba ta san uwarsa da abin da ya fitar da shi ba, kuma ba wanda ya wuce bai sha tambaya ba. Rabon da in ga fuskarta da haske haka tun Baba yana da rai.

Kowace yamma sai in haye mu zube tsakuwa a tabarma mu gwada da takardata. Ranar farko komai ya yi daidai, keke da babur da amalanke da mota, sai kwanon ƙafa da ya fi nawa da ɗaya. Na ce wataƙila na ƙifta ido wani ya wuce. Rana ta biyu ma haka, ɗaya tak, kuma a kwanon ƙafa. Rana ta uku ranar kasuwa ce, mutum ɗari shida da 'yan kai suka wuce a ƙasa, na ƙi ko shan ruwa don kada in yi kuskure, amma da muka ƙirga sai ga ɗayan nan ya sake fitowa. Ka san ba zan iya barin wannan ba. Na tambaye ta, ta ce idon tsohuwa ya fi na mai zura zare. Na ƙyale ta, na ɗauko man zafi ina shafa mata a ƙafa, na sake tambaya a hankali. Sai ta ce kowace safiya, kafin kowa ya wuce, tana fara jefa ɗaya saboda kai. Ta ce shekara shida ke nan duk lokacin da aka tambaye ka yaushe za ka zo sai ka ce hanya ba kyau, to ya kamata hukuma ta san akwai wanda hanyar ta hana wucewa, a ƙirga shi. Na ce to me ya sa a kwanon ƙafa, ai kana da mota. Ta ce ita ba ta taɓa ganin motarka ba, da ƙafa ta ga ka tsallaka da akwati a ka ranar da ka tafi. Na ci gaba da shafa man.

Da na kai takardu na gaya wa Injiniya ta cire uku daga lissafin Inna, na faɗa mata dalili, don ba na son ko ɗaya na ƙarya ya shiga. Ta cire. Amma ta juya takardar ta nuna mini wani gida a baya da ban lura da shi ba, inda ake rubuta waɗanda da za su bi hanya in da tana da kyau. Ta ce su kintace suke yi da lissafi, ba a taɓa kawo mata shi a kwano ba. Ta rubuta maganar Inna a wurin yadda na faɗa mata.

Jerin ƙarshe ya fito ranar Litinin da ta wuce. Mu ne na huɗu a cikin biyar. Na karanta sau uku, na sa wani mai wucewa ya sake karanta mini don kada idona ya yaudare ni. To amma ba zan ɓoye maka ba, aikin ba zai fara ba sai bayan damina, wato akwai sauran damina guda da za mu yi ba gada. Na san abin da za ka ce, kuma tsoron da kake ji ni ma ina jin sa, ni da na tsaya a gaɓar. Ga abin da na shirya. Da zarar hadari ya fara haɗuwa zan kwashe keken ɗinkina in koma wurinta har ruwa ya janye, baban yara ya yarda. Likita ya ce zai ba mu maganin wata huɗu a haɗe. 'Yarka za ta bar mini abin awon jininta, ta riga ta koya mini, ƙungiya kuma ta sa kafinta ya yi gadon ɗaukar marar lafiya na gaske, an ajiye shi a wancan hayin. Sharaɗi dai ya cika, sunan ya fito. Kada ka aiko da mota, don ko ta zo ba za ta shiga ba, ni ma ba zan taya ka lallashinta ba.

Abin da nake roƙo kai ne. Na san nisa, na san aiki, na san kwana biyu ake yi a hanya, kuma ban taɓa cewa ka gaza a kan Inna ba, Allah ya saka maka. Amma ina jin haushinka kaɗan, kuma ina kewarka da yawa, gara in faɗa maka da bakina. Kada ka jira gada.

Ka gaishe mini da ƙanwata maman yara, ka ce mata na gode da haƙurin da take yi da kai. Ka shafa mini kan babban yaya da 'yar lelena da ƙaramin da ban taɓa gani ba sai a hoto. Baban yara da 'ya'yanka duka suna gaisuwa. Kawu yana gaishe ka, Gwaggo ma haka, Hedimasta ya ce a gaishe da ɗalibinsa. Jiya na gaya wa Inna ina rubuta maka takarda, na tambaye ta ko tana da saƙo. Ta daɗe tana tsince busassun ganye a gindin lemo kamar ba ta ji ba. Sai da na kai ƙofa ta ce in gaya maka ruwa bai sauka ba tukuna, rafi a bushe yake, ko ƙaramin yaro yana tsallakawa.

Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce yayarka mai ƙaunarka,
Yaya Tela